ZAMAN KUJERA DA CIWON DAMUWA: ABIN DA MA'AIKATA DA 'YAN MAKARANTA NA ƘASAR KANKIYA SUKE ASARA

Duk wanda ya san ƙasar Kankiya da Kusada shekaru hamsin da suka wuce ya san cewa ba a buƙatar a yi wa mutanen wannan yanki wa'azi a kan motsa jiki, domin kuwa rayuwar ce da kanta take motsa su. Manomi yakan yi sammako ya taka zuwa gonarsa, ɗan kasuwa yakan taso daga Rimaye ko Kafin Soli a ƙasa ko a kan keke, mata suna sussuka da surfe da daka, 'yan mata suna gaɗa a dandali, samari kuwa da zarar an gama kaka sai kokawa da dambe da langa. Ba wanda ya kira wannan magani a lokacin. Yau kuwa likitoci a ƙasashe da dama suna rubuta wa marasa lafiya irin wannan motsi kamar yadda suke rubuta ƙwaya, kuma ba don zuciya da hawan jini kaɗai ba, har da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Waɗanda wannan magana ta fi shafa su ne ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta, watau mutanen da aikinsu na zama ne. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma yakan hau babur daga ƙofar gidansa, ya sauka a ƙofar ofis, ya zauna har a tashi, sa'an nan da yamma ya koma majalisa ya sake zama a kan benci ko tabarma har isha'i. Ɗalibin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya ko na sakandare yakan wuni a aji, in ya fito kuma ya sunkuyar da kai a kan waya. Idan aka lissafa takun da irin wannan mutum ya yi a yini guda, da wuya ya kai na kakansa kafin hantsi.

Wannan hali kuwa ba na Kankiya kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, watau mutum kamar biliyan 1.8, ba su samun motsa jikin da ya kamata. A wajen matasa abin ya fi muni, gama huɗu daga cikin biyar ba su kai ma'aunin ba. Ma'aunin da hukumar ta gindaya a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako ga baligi, na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, da kuma sa'a guda kullum ga yara da matasa.

Tun a 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya fara buɗe wa duniya ido game da illar zama. Ya kwatanta direbobin bas-bas na birnin Landan, waɗanda suke wuni a zaune, da kwandastocinsu masu hawa da sauka a matakala, sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Ya kuma samu irin wannan bambanci tsakanin akawunan gwamnati da masu yawon raba wasiƙu. Amma sai da aka yi shekaru da yawa kafin masana su juya ga tambayar da ta fi wuya, watau ko zaman da yake cutar da zuciya yana taɓa hankali da walwalar mutum.

Amsar da ta fi yin tasiri ta fito ne daga Jami'ar Duke ta Amurka a 1999. An ɗauki mutum 156, duk masu shekara hamsin ko fiye, waɗanda likita ya tabbatar suna fama da ciwon damuwa mai tsanani, aka kasa su gida uku. Kashi na farko aka ba su maganin asibiti, na biyu aka sa su motsa jiki sau uku a mako, na uku aka haɗa musu duka biyun. Bayan wata huɗu sai aka ga sauƙin da aka samu a kowane kashi kusan ɗaya ne. Da aka sake bibiyarsu bayan wasu watanni, waɗanda suka yi motsa jiki ne ciwon ya fi ƙarancin dawo wa. Daga baya wani bincike a ƙasar Norway ya bi mutum fiye da 33,000 har shekara 11, ya nuna cewa da kowa yana motsa jiki ko da sa'a guda ce a mako, da an kauce wa kashi 12 cikin ɗari na ciwon damuwar da ya same su. A 2018 kuma aka duba bayanan Amurkawa miliyan 1.2, aka ga masu motsa jiki sun fi sauran ƙarancin kwanakin ƙunci a wata, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu wasannin da ake yi cikin jama'a, kamar ƙwallon ƙafa.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne binciken Turawa ya zo ya tarar da abin da Bahaushe ya daɗe yana yi. Gaɗa da langa da kokawa ba a yin su a ɗaki a kaɗaice. Mutum yana fita ne ya ga tsararrakinsa, a yi raha, a yi gumi tare, a koma gida an gaji. Ciwon damuwa kuwa babban abincinsa shi ne kaɗaici da saƙe-saƙen zuci. Mai fama da shi yakan janye daga mutane, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, abin da a da yake faranta masa rai ya daina burge shi, a gida kuma a ce ya cika fushi ko lalaci ne ya kama shi. Wasan da zai fitar da shi cikin jama'a sau uku a mako yana yaƙar ciwon ta fuska biyu a lokaci guda.

Yadda abin yake aiki a jiki kuwa, masana sun gano hanyoyi da dama. Idan tsoka ta yi aiki, ƙwaƙwalwa takan saki waɗansu sinadarai masu rage raɗaɗi da kawo nishaɗi, shi ya sa mutum yakan ji wasai bayan ya yi gumi ya yi wanka. Motsi na yau da kullum yana horar da jiki ya riƙa saukowa da wuri bayan tashin hankali, maimakon zuciya ta yi ta bugawa a kan abin da ya riga ya wuce. Yana kuma gyara barci, barci kuwa rabin lafiyar hankali ne. Ga 'yan makaranta akwai ƙarin albishir: a wani gwaji da aka buga a 2011, dattawan da suka yi shekara guda suna tafiyar ƙasa sau uku a mako, sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe abin da aka koya ya ƙaru da kamar kashi 2 cikin ɗari, alhali kuwa bisa al'ada raguwa yake yi da tsufa. Ɗalibin da yake ganin zuwa filin wasa ɓata lokacin karatu ne, ya yi lissafinsa a baibai.

Magabatan ilimin zamani a ƙasar Katsina ba su yi wannan kuskure ba. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wasanni suna cikin tsarin yini kamar yadda darasi yake. A can ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan fayif, watau ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, kuma bai bar shi ba har lokacin da yake Firimiyan Jihar Arewa, duk da nauyin da yake kansa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko shi ne ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a wasan har a ƙasashen waje. Saboda haka ra'ayin nan da ya yaɗu cewa babban mutum ba ya gudu, ko kuwa ma'aikacin da aka gani yana tafiya a ƙasa talauci ne ya kama shi, ba gadon iyaye ba ne. Baƙo ne da ya shigo tare da babur da mota.

Akwai wanda zai ce ai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sun koma tafiyar ƙasa ko suna so ko ba su so, amma ba a ga damuwa ta ragu ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Bincike ya nuna cewa motsin da mutum ya zaɓa don kansa, a lokacin hutunsa, ya fi amfanar hankali a kan wahalar da dole ta sa shi. Wanda ya taka daga Yashe zuwa wani ƙauye cikin rana yana tunanin kuɗin motar da ba shi da su, ba daidai yake da wanda ya fito bayan asuba da abokinsa suna zagaya gari suna hira ba. Haka nan kuma motsa jiki ba ya biyan bashi, ba ya kawo albashi, ba ya kawar da fargabar 'yan bindiga da ta addabi sassa da dama na Jihar Katsina, har ta sa mutane a waɗansu ƙauyuka ba su iya yin nisa da gida. Abin da yake yi shi ne ƙara wa mutum ƙarfin ɗaukar nauyin da ya riga ya hau kansa, ba tare da ya nemi mafaka a ƙwaya ko maganin tari ba, kamar yadda matasa da yawa suka yi har gwamnati ta hana sayar da kodin a 2018.

Wajibi ne kuma a faɗa ƙarara cewa motsa jiki ba ya maye gurbin likita. Wanda ya kai ga jin muryoyi, ko ya daina cin abinci, ko ya fara tunanin hallaka kansa, asibiti za a kai shi ba filin ƙwallo ba. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma manyan asibitocin wannan fanni irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, tafiya ce ga mutumin Kusada. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marasa lafiya, amma doka ba ta haifar da likitoci dare ɗaya. Inda magani yake da nisa haka, rigakafin da ba ya cin ko kwabo ba abin rainawa ba ne.

Mata su ne suka fi kowa asara a wannan sauyi, kuma su ne ba a cika ambata ba. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa, abin da ya sauƙaƙa musu wahala ƙwarai, amma ba a samar da wani abin da zai maye gurbin motsin ba. Dandali ya mutu a garuruwa da yawa, makarantun 'yan mata kuwa sau da yawa darasin wasanni a kan takarda kawai yake. Alhali tsakar gida ta isa a yi tsallen igiya, kuma matan unguwa guda za su iya haɗuwa a gidan ɗayarsu ko a harabar makarantar Islamiyya ba tare da an keta mutuncin kowa ba. Ɗaliban aikin lafiya na Kankiya, waɗanda gobe su ne za su riƙe ƙananan asibitocin karkara, su ne suka fi dacewa da kai wannan bayani cikin gidaje.

Game da lokaci, yanayin wannan yanki shi yake yanke hukunci. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake tsananta, bayan sallar asuba ko gab da magariba ne kaɗai ya dace, tare da shan ruwa isasshe. A lokacin hunturu kuwa masu ciwon asma su jira ƙura ta lafa. Minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ya cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana iya raba shi kashi uku na minti goma-goma. Alamar saurin da ake nufi ita ce mutum ya iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya daɗe bai motsa ba, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya fara biyawa ta Babban Asibitin Kankiya a auna shi, sa'an nan ya soma da minti goma a makon farko, yana ƙarawa sannu a hankali.