Mutuwar ɓarin jiki: me ya sa wanda ya kasa magana yake iya rera waƙa?

Iyalai da dama sun ga wannan da idonsu. Tsoho ya kamu da mutuwar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira AVC, ko "ruwa" ba ya iya faɗi, amma da an sa waƙar da ya sani tun yana saurayi sai bakinsa ya bi ta kalma bayan kalma. Wasu su ce iska ce, wasu su ce da gangan yake ƙin magana. Ba ko ɗaya.

A wurin mafi yawan mutane, magana a gefen hagu na ƙwaƙwalwa take zaune, kamar yadda binciken likitan Faransa Paul Broca ya fara nunawa a 1861. In jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, hannun dama da ƙafar dama su mutu, harshe ya ɗaure. Waƙa kuwa tana aiki da gefe biyu, shi ya sa sau da yawa take tsira.

Da wannan ne likitocin birnin Boston na Amurka suka fito da wata dabara a 1973. A ɗauki gajeriyar magana, kamar "ina son ruwa", a rera ta a hankali da sauti biyu kawai, na sama da na ƙasa, ana ɗan bubbuga hannun hagu na majinyacin a kan kowace gaɓa. Da farko tare ake rerawa, daga baya mai koyarwa ya janye muryarsa, a riƙa rage waƙar har ta koma magana. Ga Bahaushe abin ba baƙo ba ne: harshenmu da ma hawa da sauka yake yi, sauti ne ya raba kukan yaro da kukar miya, kuma da shi kalangu ke magana.

Sauraro kawai ma yana da nasa amfani. A wani bincike da aka yi a Helsinki, ƙasar Finlan, kan majinyata 60, aka wallafa a 2008, waɗanda suka riƙa sauraron waƙoƙin da suka zaɓa da kansu kullum har wata biyu sun fi sauran farfaɗowar tuna kalmomi da natsuwa.

Sai dai a yi hattara. Dabarar ta fi yi wa wanda ke fahimtar magana amma ya kasa furta ta, kuma aikin watanni ne. Ba ta maye gurbin gashin likita ko maganin hawan jini. Ranar da baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti za a nufa nan take, ba rediyo ba.

Ƙwararrun gyaran magana ba su da yawa a ƙasar nan, don haka nauyin kan faɗo kan iyali. Ba sai da kayan kiɗa ba, murya da tafi sun isa, kuma wanda ya fi sabawa da ƙasida a yi masa da ita. A fara da sunayen ƴaƴansa da gaisuwar safe, a dakata in ya gaji.