Yadda Ruwa Mai Iska Ke Fitar Da Man Fetur Daga Dutsen Farar Ƙasa

Mutane da yawa suna tsammani man fetur kwance yake a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, da an haƙa rijiya sai ɗiba. Ba haka abin yake ba. Man yana cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutse ne, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. Fiye da rabin man da aka sani a duniya yana cikin dutsen farar ƙasa, watau irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti da shi. Babban filin mai na Gawar a ƙasar Saudiyya, wanda aka gano a 1948, irin wannan dutse ne.

To, wahalar dutsen nan ita ce riƙo. Mai yakan like a jikinsa, ga shi kuma da tsage-tsage. In ƙarfin rijiya ya ragu, akan tura ruwa ta wata rijiya don ya kora man zuwa wadda ake ɗiba. Amma ruwa ba ya son wahala, sai ya bi tsaga ya wuce, ya bar mai a baya. Saboda haka sau da yawa abin da ake samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura yana ƙasa.

Matanmu masu ƙuli-ƙuli sun san in ana murza tunkuza sai an riƙa yayyafa ruwan zafi kafin mai ya taso. Dabarar masanan mai ta yi kama da wannan, sai dai su iskar kabon suke narkarwa cikin ruwan, watau iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Wannan iska ta fi son mai bisa ga ruwa. Da ruwan ya taɓa mai sai ta bar shi ta shige man, man ya kumbura, kaurinsa ya ragu, ya sami hanyar gudu. Ban da haka, ruwa mai iskar kabon yana da ɗan tsami. Wanda ya taɓa zuba tsamiya a kan kanwa ya ga yadda take tafasa. Haka tsamin nan ke cin dutsen farar ƙasa sannu a hankali, ya buɗe ƙofofinsa, ya sassauta riƙon da ya yi wa mai. Wata fa'ida kuma, iskar da ta zauna a ƙasa ba za ta hau sama ta ƙara zafin duniya ba.

An gwada ruwa mai iska a filayen mai na Oklahoma ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950. A 1972 aka soma tura iskar tsantsa cikin dutsen farar ƙasa a Texas. A 2015 kuma kamfanin Aramco ya buɗe aikin gwaji a Usmaniyya, wani sashe na Gawar, wanda aka shirya don tura tan 800,000 na iskar kowace shekara, ana yi ana sauyawa da ruwa. Amfanin narkar da ita cikin ruwa shi ne, iska tsantsa ba ta da nauyi, takan haye bisa mai ta tsere, amma in tana cikin ruwa tare suke tafiya, kuma kaɗan ta isa. Illarta ita ce tsamin yana cin bututun ƙarfe, tilas a kashe kuɗi a kan bututu mai jurewa.

Mai karatu na Kirikasamma ya iya cewa ina ruwansa da wannan. Ai kuwa da ruwansa, gama ƙasar Haɗejiya tana cikin kwarin Chadi, inda aka daɗe ana neman mai ta wajen Borno. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara haƙa nasu a Agadem, suna tacewa kusa da Damagaram tun 2011, kuma ran 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. Ko wane irin dutse aka tarar da mai a ciki, ranar da rijiya ta tsufa ruwa za a nema, kuma mai yawan gaske.

Manoman shinkafa da masunta da makiyaya na fadamar Haɗejiya sun ga yadda ambaliya ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Larabawa, da suka ga ruwan ƙasarsu ba shi da yawa, sai suka gina wurin tace ruwan teku a Ƙurayya a 1978, suna jawo shi da bututu zuwa Gawar. Mu ba mu da teku a Arewa. Ya kamata tun kafin a kai ga wannan mataki hukuma ta tsai da doka cewa ruwan gishiri na can ƙarƙashi, da wanda ke fitowa tare da mai, shi za a mayar cikin rijiya, a bar wa talakawa na kogi da na rijiyoyin noman rani. Allah ya sa arzikin ƙasa ya zama alheri ga masu zaune a kanta, amin.