Me Ya Sa Kalkuletar Wayarka Take Ƙin Wasu Lissafi? Ga Yadda Ake Gano Domen Na Fankshin

Ɗauko wayarka yanzu, ka buɗe kalkuleta, ka danna 12 ÷ 0. Ko Tecno ce a hannunka, ko Infinix, ko Samsung, ko iPhone, ba za ta ba ka lamba ba. Wata za ta rubuta cewa ba a rabawa da sifili, wata kuma ta nuna saƙon kuskure kawai. Idan a Excel ko Google Sheets ka gwada, #DIV/0! za ka gani. Masu amfani da kalkuletar Casio a makaranta kuwa sun saba da ganin Math ERROR.

Ruwa ba ya tsami banza. Wayarka lafiyarta ƙalau, ka dai ba ta lambar da wannan lissafin ba ya karɓa ne. Sanin lambobin da lissafi yake karɓa da waɗanda ba ya karɓa shi ake kira gano domen. Tambaya ce da ɗalibai ke karo da ita a lissafin WAEC da NECO da JAMB, kuma kamar yadda za mu gani a labarin Abare da ke Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara, amfaninta ya wuce ɗakin jarrabawa.

Mene ne fankshin, mene ne domen?

Ka ɗauki fankshin kamar injin niƙa. Ka zuba dawa ta sama, gari ya fito ta ƙasa. A lissafi, lamba kake zubawa, wadda aka fi kira x, sai wata lamba ɗaya tak ta fito. Misali, f(x) = 2x + 1 na nufin ka ninka duk abin da ka zuba sau biyu, ka ƙara ɗaya. Ka zuba 3, ka samu 7. Ka zuba 10, ka samu 21.

Domen shi ne jimlar dukkan lambobin da za ka iya zubawa injin ya ba ka amsa. A misalin da ke sama babu lambar da aka hana, ko sifili, ko ta ƙasa da sifili, ko mai ɗigo irin 2.5. Amma wasu fankshin suna da lambobin da suke shaƙe su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara da ɗauka cewa kowace lamba tana shiga, sannan ka nemo waɗanda aka hana ka fitar da su. A matakin sakandare, wurare uku ne kacal ya kamata ka sa wa ido.

Doka ta farko: lambar ƙasa ba ta zama sifili

Dalilin a fili yake. 12 ÷ 3 = 4 ne saboda 4 sau 3 ya ba da 12. To idan ka ce 12 ÷ 0, kana neman lambar da za a ninka da sifili ta ba da 12. Babu ita, domin komai aka ninka da sifili, sifili zai ba da.

Saboda haka duk inda ka ga x a ƙasan layin rabawa, ka daidaita ƙasan da sifili, ka warware, ka fitar da amsar daga domen.

Misali: f(x) = 5/(x − 3). Ƙasan shi ne x − 3. Zai zama sifili idan x = 3. Domen: kowace lamba ban da 3.

Wani misalin: f(x) = 1/(x² − 9). A nan lambobi biyu ne za su mai da ƙasan sifili, 3 da −3, domin −3 sau −3 ma 9 ne. Ɗalibai da yawa suna mantawa da ta biyun. Amma da a ce x² + 9 ne a ƙasa, babu lambar da za a hana, tunda ba zai taɓa sauka ƙasa da 9 ba.

Kada ka raina wannan doka. A watan Satumba na 1997, wani ma'aikaci a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Yorktown ya shigar da sifili a wani gurbi na rumbun bayanai. Manhajar ta yi ƙoƙarin rabawa da shi, kwamfutocin suka rikice, injinan jirgin suka tsaya, ya yi kusan awa uku a kan ruwa ba ya motsi. Shi ya sa masu rubuta manhaja suke tantance abin da mutum ya shigar kafin su bar lissafi ya gudana.

Doka ta biyu: abin da ke cikin sikwaya rut ba ya sauka ƙasa da sifili

Sikwaya rut, mai alamar √, tambaya yake yi: wace lamba ce idan ta ninka kanta za ta ba da wannan? √25 = 5, domin 5 sau 5 ya ba da 25. To √(−25) fa? 5 sau 5 ya ba da 25, −5 sau −5 ma 25. Babu lambar da ke kan layin lamba da za ta ninka kanta ta ba da −25.

Don haka ka ɗauki abin da ke cikin alamar, ka ce dole ya kai sifili ko ya fi, sai ka warware.

Misali: f(x) = √(x − 7). Sharaɗin shi ne x − 7 ≥ 0, wato x ≥ 7. Ita 7 ɗin tana ciki, domin √0 = 0, amsa ce mai kyau.

Ga inda ake zamewa: f(x) = √(10 − 2x). Sharaɗin shi ne 10 − 2x ≥ 0, wanda ya zama −2x ≥ −10. Idan za ka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, dole alamar ta juya fuska. Amsar ita ce x ≤ 5. Gwada da 6 ka gani: 10 − 12 = −2, an hana. Gwada da 4: 10 − 8 = 2, ya shiga.

A lura, kiyub rut, mai alamar ∛, bai shiga wannan doka ba. ∛(−8) = −2, domin −2 sau −2 sau −2 ya ba da −8.

Doka ta uku: log sai abin da ya fi sifili

Log ya fi sikwaya rut tsanani, domin ko sifilin ma ba ya karɓa. Idan aka ce log 100 = 2, ana nufin 10² = 100. Babu irin ƙarfin da za ka ɗora wa 10 ta koma sifili ko ta sauka ƙasa da shi.

Misali: f(x) = log(x − 2). Sharaɗin shi ne x − 2 > 0, wato x > 2. A nan 2 ba ta ciki.

Idan dokoki suka haɗu a wuri ɗaya

Masu shirya jarrabawa suna son haɗa su. Ka bi kowace doka ita kaɗai, sannan ka ɗauki lambobin da suka cika dukkan sharuɗɗan.

Misali: f(x) = √(x + 4)/(x − 1). Saman ya ce x ≥ −4. Ƙasan ya ce ban da 1. Domen: daga −4 zuwa sama, amma a tsallake 1.

Idan kuma sikwaya rut ɗin ne a ƙasa, kamar 1/√(x − 2), dokar farko da ta biyu sun haɗu ke nan. Abin da ke ciki ba zai sauka ƙasa da sifili ba, kuma ba zai zama sifili ba. Amsar ita ce x > 2.

Wajen rubuta amsa, baka mai kusurwa [ ] na nufin lambar bakin iyaka tana ciki, baka mai lanƙwasa ( ) na nufin ba ta ciki. Alamar ∞ tana nufin babu ƙarshe, kuma kullum baka mai lanƙwasa take ɗauka. Alamar ∪ tana haɗa yanki biyu. Amsar misalin farko na wannan sashe za ta fito haka: [−4, 1) ∪ (1, ∞).

Yadda za ka duba amsarka da waya

1. Sauke manhajar Desmos ko GeoGebra daga Play Store ko App Store. Dukansu kyauta ne.
2. Rubuta y = √(x − 7). Zane zai fito nan take.
3. Duba layin da ke kwance. Duk wurin da babu zane a samansa ko a ƙasansa, wurin ba ya cikin domen. A nan zanen daga 7 ya fara, ya nufi dama.
4. Rubuta y = 5/(x − 3). Za ka ga zanen ya rabu gida biyu a daidai 3, ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa.

Sai dai akwai tarko. Rubuta y = (x² − 9)/(x − 3). Miƙaƙƙen layi za ka gani, kamar babu matsala. Amma idan ka zuba 3, za ka samu 0 ÷ 0, wanda ba shi da amsa. Akwai rami a wurin, ƙanƙantarsa ce ta sa ido ba ya ganinsa. Saboda haka ka fara warwarewa da biro, sannan wayar ta zama mai duba maka aiki.

Domen na zahiri

Wani lokaci lissafi zai yarda da lamba, amma hankali ya ƙi ta. A ce ka sayi data 6,000MB ta wata ɗaya, kana son sanin nawa za ka riƙa ci kullum idan za ta yi maka kwana x. Fankshin ɗin shi ne f(x) = 6000/x. Lissafi sifili kaɗai ya hana. Amma babu kwana −5, kuma idan wa'adin datar kwana 30 ne, zuba 45 ba shi da amfani ko da kalkuleta ta ba ka amsa. Domen na gaskiya daga 1 ne zuwa 30.

Na'urori ma haka suke. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ya san zafin Afrilu a Gusau ko Sakkwato ya san ana wuce 40. Idan ka bar wayar a rana ta rage haske ko ta dakatar da caji, ta fita daga iyakar da aka tsara mata ne.

Abin da ya faru a Abare da maƙwabtanta

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari ana dakawa ana niƙawa, har a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe da cin abinci. Abare, Dareta, 'Yargalma da Bagega suna cikin garuruwan da abin ya shafa. An ƙiyasta yara kimanin 400 sun rasu. Allah ya jiƙansu.

Na'urar da aka yi amfani da ita wajen gwada jini a can ita ce LeadCare II, ƙarama ce da ake ɗauka a hannu. Tana auna dalma daga 3.3 zuwa 65, a ma'aunin maikirogiram cikin kowace desilita ta jini. Ka ɗauke ta a matsayin fankshin: a zuba jini, lamba ta fito. Domen ɗinta shi ne [3.3, 65]. Idan dalmar ta wuce 65, na'urar ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna cewa ya yi yawa.

A binciken da masana daga hukumar CDC ta Amurka da jami'an lafiya na Najeriya suka yi a ƙauyuka biyu a 2010, an gwada jinin yara 204. Kashi 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce, wato matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma daga jiki. Kashi 85 cikin 100 kuwa sun wuce 65, sun fita daga domen ɗin na'urar gaba ɗaya. Yaron da ke da 70 da wanda ke da 300 saƙo iri ɗaya na'urar za ta nuna a kansu, alhali likita na buƙatar sanin wanda ya fi shiga haɗari, da kuma ko maganin yana rage gubar.

Mafitar da masana suka samo ita ce sirka samfurin jinin da wani jinin da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce ƙwarai, a bisa ƙayyadadden awo, don ya dawo cikin iyakar na'urar, sannan a lissafa adadin asali. Mu sauƙaƙa shi da misali. A ce sirkin ya rage ƙarfin dalmar zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Abin da na'urar ke gani shi ne x/5, kuma sharaɗin shi ne 3.3 ≤ x/5 ≤ 65. Ninka ko'ina da 5, ka samu 16.5 ≤ x ≤ 325. Na'urar ba ta canza ba, amma yanzu tana iya gaya wa likita bambancin 70 da 300. Irin warwarewar da muka yi a doka ta biyu ce, babu abin da aka ƙara.

Da na'urar ta riƙa nuna 65 ga duk wanda ya wuce 65, da wani zai iya ɗauka wannan ne adadin gaskiya. Ƙin ba da amsar ne ya sanar da likitoci cewa lamarin ya wuce inda awonta ya tsaya. Haka saƙon kuskuren kalkuletarka yake. Duk manhajar da ka ba lamba ta ba ka amsa, ko ta lissafin bashi ce, ko ta awon lafiya, ka tambayi kanka wace irin lamba aka gina ta ta karɓa.

Gwada kanka

Warware waɗannan da biro, sannan ka duba da Desmos:

1. f(x) = 4/(2x − 8)
2. f(x) = √(9 − 3x)
3. f(x) = log(x + 5)/(x − 2)

Amsa: na farko, kowace lamba ban da 4. Na biyu, x ≤ 3. Na uku, x > −5 amma ban da 2. Idan ka samu x ≥ 3 a na biyu, koma doka ta biyu ka duba inda alamar take juya fuska. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.