Ƙaurar Iyali Daga Ƙasar Hausa Zuwa Abijan: Abubuwan Da Ake Tanada Kafin Tashi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya, shi ya sa harshensa ya tanadi kalmomi daban-daban domin rarrabe ire-irenta. Fatauci tafiya ce ta saye da sayarwa a ƙasa mai nisa. Cin rani tafiya ce da namiji kan yi bayan kaka, ya dawo idan damina ta ƙarato. Ita kuwa ƙaura, tashi ne na magidanci da matarsa da 'ya'yansa zuwa wani wuri da niyyar zama. Ɗan ci rani yana iya kwana a shagon ubangidansa da tabarma ɗaya, amma mai ƙaura dole ya yi tunanin ɗaki da makaranta da asibiti da takardun kowane yaro. Wannan takarda za ta yi bayanin tanadin da iyalin Bahaushe ke buƙata idan za su koma birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, musamman unguwannin Ajame (Adjamé) da Tireshbil (Treichville), inda Hausawan Nijar da na Nijeriya suka daɗe suna sauka.

2.0 Dalilin Zaɓen Waɗannan Unguwanni

Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro daga ƙasar Hausa sukan bi hanyar Gwanja har su kai Salaga da Bonduku, wadda a yau take arewa maso gabashin Kodebuwa. Abijan kuwa sabon gari ne. Faransawa sun mayar da shi hedikwatar mulkinsu a 1934, sannan ya bunƙasa bayan an haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950 aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. A tsarin Turawan mulki, su ne ke zaune a tsakiyar gari, wato Filato, baƙaƙen fata kuwa aka ware musu Ajame a arewa da Tireshbil a kudu, a tsallaken ruwa. Saboda haka duk wani baƙo mai neman aiki a waɗannan unguwanni biyu yake sauka. A Tireshbil ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Moi, un noir na 1958, a kan rayuwar samarin Nijar 'yan ci rani, kuma Oumarou Ganda ne ya fito a matsayin jigon fim ɗin.

Har yanzu Ajame ce cibiyar tashoshin mota da manyan kasuwanni, Tireshbil kuma tana maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa, tana da babbar kasuwa da asibitin koyarwa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 29 da ɗoriya, kuma kusan kashi 22 cikin 100 baƙi ne. Ke nan Bahaushen da ya isa can ba zai rasa ɗan'uwa ba. Sai dai samun ɗan'uwa ba ya ɗauke wa mutum shiri.

3.0 Takardu

Abu na farko shi ne takardun shaida. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A 1990 Kodebuwa ta ƙirƙiro katin zama na baƙi, wanda ya jawo wa baƙi kame da tatsar kuɗi a kan hanya, har zuwa 2007 da Shugaba Laurent Gbagbo ya soke shi ga 'yan ƙasashen ECOWAS. Ga 'yan Nijar akwai sabon lamari: ƙasarsu tare da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ficewar, ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an yanke wani hukunci. Tun da sassauci ne na wucin gadi, magidanci daga Maraɗi ko Tawa ya kamata ya tambayi halin da ake ciki kafin ya sayi tikitin mota.

Takardun da ake tanada tun daga gida su ne:

(a) fasfo ko katin shaidar ɗan ƙasa na kowane baligi;
(b) takardar haihuwa ta kowane yaro;
(c) katin allurar rigakafin shawara, wanda ake nema a bakin iyaka;
(d) takardar shaidar aure daga hukuma;
(e) sakamakon jarrabawa da takardar barin makaranta ta yara.

Bayan an isa, sai a je ofishin jakadancin ƙasar asali a yi katin rajista, domin shi ne ke nuna cewa ƙasar mutum ta san da zamansa a can.

Batun takardar aure yana buƙatar ƙarin bayani. Tun 1964 dokar Kodebuwa ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba, kuma auren da aka ɗaura a gaban hukuma shi kaɗai take ɗauka a matsayin aure. Auren da aka ɗaura a masallaci da goro da shaidu ingantacce ne a addini, amma idan miji ya rasu, matar da ba ta da takarda tana iya shan wahala wajen neman haƙƙinta a gaban hukuma.

4.0 Matsayin 'Ya'yan Da Aka Haifa A Can

Nan ne iyalai da yawa ke yin kuskure. Wasu na zaton duk yaron da aka haifa a Abijan ya zama ɗan Kodebuwa. Ba haka ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta dogara ne ga jini, wato sai uba ko uwa ɗan ƙasa ne, kuma gyaran da aka yi mata a 1972 ya toshe ƙofar da a da 'ya'yan baƙi ke bi su nemi zama 'yan ƙasa saboda haihuwa. Don haka ɗan Bakano da aka haifa a Tireshbil ɗan Nijeriya ne, ɗan Ba'adare kuwa ɗan Nijar ne.

Abin da ya wajaba a kan uba shi ne ya yi wa jariri rajista a ofishin magajin gari na unguwarsu cikin wata uku da haihuwa, sannan ya kai takardar ofishin jakadancin ƙasarsu. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu kafin a sami takardar da za ta maye gurbinta, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Yaron da aka yi sakaci da shi yana iya girma babu ƙasar da ke da sunansa a rubuce: Kodebuwa ta ce baƙo ne, ƙasar ubansa kuma ba ta san an haife shi ba. Irin wannan yaro kan gamu da cikas wajen zama jarrabawa da yin fasfo da buɗe asusun banki.

5.0 Hanya Da Lokacin Tafiya

Hanyoyin mota biyu ne aka fi bi. Mutanen Nijeriya sukan sauka Legas, su bi gaɓar teku ta Kwatano da Lome da Akara, su tsallaka iyakar Elubo da Noé su shiga Kodebuwa. Daga Legas zuwa Abijan kimanin kilomita 1,000 ne, amma akwai iyakokin ƙasa huɗu a tsakani, kowace da nata binciken. Mutanen Nijar kuwa sun saba bi ta Yamai da Wagadugu da Bobo-Diulaso, su shiga ta Wangolodugu, su ratsa Buwake da Yamusukuro. Rashin tsaro a gabashin Burkina Faso, da rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun sa tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Mai tafiya da mata da ƙananan yara sai ya nemi labarin hanya daga direbobin da suka dawo kwanan nan.

Game da lokaci, ana la'akari da abu biyu. Babbar damina a Abijan tana tsananta ne daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da ambaliya kan shafi unguwannin da ke cikin kwari. Makarantu kuma suna buɗewa a watan Satumba. Saboda haka watan Agusta ya fi dacewa da isowar iyali. Al'adar da aka saba ita ce maigida ya riga zuwa, ya kama ɗaki, ya tsayar da sana'a, sannan ya aika a kawo iyali.

6.0 Masauki Da Lissafin Kuɗi

A tsarin zango na gargajiya, baƙo yakan sauka ne a hannun maigida ko fatoma, wanda zai ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a kasuwa, ya gabatar da shi ga sarkin Hausawa da limami. Da ɗan gari akan ci gari. Amma masaukin maigida na 'yan kwanaki ne, iyali kuwa sai da ɗakinsu. Yawancin masu ƙaramin ƙarfi a Ajame da Tireshbil suna zama ne a gidan haya na tarayya, inda iyalai da dama ke amfani da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da bayi ɗaya. Ga matar da ta saba da kulle a Katsina ko Damagaram wannan babban sauyi ne, kuma ya kamata a yi shawara da ita tun kafin a tashi.

Dokar haya ta 2018 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata biyu na gaba da kuɗin wata biyu na ajiya. Alal misali, idan hayar ɗaki sefa 40,000 ce a wata, sai an tanadi sefa 160,000 kafin a karɓi mabuɗi, ban da ladan dillali. Domin a gane nauyin wannan, mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun Janairun 2023 sefa 75,000 ne a wata. Haka kuma a guji kama ɗaki a wurin da hukuma ta yi wa alamar rushewa, domin a 2024 an rushe gidaje masu yawa a sassan birnin, har da wani yanki na tsohon ƙauyen Ajame.

Ɗan Nijar bai da matsalar canji, domin sefar da ake kashewa a Maraɗi ita ake kashewa a Abijan, kuma darajarta a ɗaure take da yuro: sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Ɗan Nijeriya kuwa sai ya canja naira, kuma sai ya koyi sabon ƙirge. A Hausar Nijar dala tana nufin sefa 5, saboda haka dala ashirin sefa 100 ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Bakanon da ya san jaka a matsayin naira 200 yana iya ruɗewa a ranar farko. 'Yan kasuwa masu jin Julanci su ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi.

7.0 Sana'a, Makaranta Da Lafiya

An san Hausawa a Abijan da sayar da nama da tsire, da cinikin dabbobi, da albasar Galmi, da goro da yadi da kayan koli. Akwai ma wani abinci da ya shahara a birnin mai suna garba, wato garin rogo da aka turara da soyayyen kifi, wanda ake danganta sunansa da Hausawan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Sai dai a 2024 hukumar birnin ta hana talla a manyan tituna da bara da tura amalanke. Wanda ya dogara ga yawon talla ya ciyar da iyali, ya san cewa wannan hanya ta ƙuntata, gara ya tanadi jarin kama rumfa.

Tun 2015 karatu ya zama tilas ga yara daga shekara 6 zuwa 16, kuma da Faransanci ake koyarwa. Yaron da ya fito daga lakwal a Nijar zai ci gaba ba tare da wahala sosai ba, domin tsarin kusan ɗaya ne. Wanda ya yi firamare da Ingilishi a Zariya kuwa sai ya koyi harshen tukuna, wani lokaci ma a mayar da shi aji na baya. Akwai makarantun Islamiyya da ke haɗa Larabci da manhajar gwamnati, kuma yana da kyau uba ya tabbatar hukuma ta amince da makarantar kafin ya sa ɗansa.

Ta fuskar lafiya, ƙasar tana da inshorar lafiya ta bai-ɗaya wadda aka kafa da dokar 2014, ana biyan sefa 1,000 a wata kan kowane mutum. Iyali mai mutum shida za su biya sefa 6,000.

8.0 Harshe Da Zaman Tare

Harsuna uku baƙo zai riƙa ji kullum: Faransanci a ofis da makaranta, Julanci a kasuwa da tasha, sai Nushi, wato gaurayen yaren samarin birni. Hausa takan tsaya a gida da masallaci da rumfar 'yan'uwa. Iyayen da ba su dage da yin ta a gida ba, jikokinsu kan tashi suna jin ta amma ba sa iya mayarwa.

Zaman baƙi a ƙasar ya sha gamuwa da jarrabawa: siyasar bambanta ɗan asali da baƙo a shekarun 1990, tawayen da ya ɓarke a Satumban 2002, da rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 wanda ya ci rayuka kusan 3,000. A watan Mayun 2021 ma an far wa 'yan Nijar a wasu unguwannin Abijan saboda wani bidiyon ƙarya da aka yaɗa a Facebook. Wannan ne ya sa dattawan zango ke jan kunnen sabon zuwa ya nisanci siyasar gari, ya ajiye kwafin takardunsa a gida, ya kuma ware kuɗin motar komawa da ba za a taɓa ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ƙaurar iyali zuwa Ajame ko Tireshbil tana buƙatar tanadin takardu, da sanin hanya da lokaci, da kuɗin haya na aƙalla wata huɗu, da sana'ar da doka ta yarda da ita, da makarantar yara. A cikinsu duka, rajistar haihuwa ce ta fi sauƙin yi kuma ta fi tsadar gyara idan aka bari ta wuce. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi ya sa magidanta da yawa a Abijan ba sa sayar da gonar gado, suna kuma kai 'ya'yansu gida lokacin hutu domin su san dangi, dangi su san su.