Idan Injin Helikwafta Ya Mutu A Sama, Me Ke Hana Shi Faɗowa?

A ranar 21 ga Yunin 1972, wani matuƙi ɗan Faransa mai suna Jean Boulet ya ɗaga da helikwafta samfurin Lama har nisan mita 12,442, inda babu wani jirgi mai saukar ungulu da ya taɓa kaiwa. Yana fara saukowa sai tsananin sanyi ya kashe injin. Haka ya sauko ba inji, ya dira ƙasa lafiya lau.

Sirrin yana kama da keke a gangara: ko mutum ya daina taka feda, taya ba ta tsayawa. Tsakanin injin helikwafta da babbar farfelarsa akwai wata na'ura da ke raba su da zarar inji ya tsaya. Yayin da jirgin ke yin ƙasa, iskar da ke bugo farfelar daga ƙasa ita ke ci gaba da juya ta, shi ya sa matuƙi ke iya sarrafa jirgin.

Sai dai daƙiƙu kaɗan gare shi. Dole nan take ya danna sandar da ke hannunsa na hagu ƙasa, domin fukafukan farfelar su rage tokarar iska. In ya yi jinkiri, gudunta zai ragu har ta kasa ɗaukar jirgin. Dab da ƙasa kuma sai ya ɗaga hancin jirgin ya rage gudu, sannan ya ja sandar, ƙarfin juyawar da ya rage ya sassauta dirar.

Wannan ba sa'a ba ce, sharaɗi ne. Hukumar FAA ta Amurka da EASA ta Turai ba sa bai wa sabon samfuri mai inji ɗaya takardar amincewa sai an gwada an ga yana iya irin wannan sauka. Masu inji biyu da ke rukunin A kuwa, sai sun nuna cewa in ɗaya ya mutu, ɗayan zai ci gaba da tafiya ko ya kai su ƙasa lafiya.

Amma dabarar tana da iyaka. Littafin jirgin yana ɗauke da zanen da ke nuna wuraren haɗari: jirgi yana kusa da ƙasa, kuma ba shi da gudu. A nan babu sararin da iska za ta yi aikinta. Boulet yana da sama da kilomita 12 a ƙarƙashinsa. Wanda ke shawagi wuri ɗaya a tsawon mita 50 ya fi shi shiga haɗari.