Ko Ka Sani? Yadda Ɗan Yatsa Ke Tuƙa Kwamfutar da Ke Wani Gari

Ko ka san mutum zai iya zama a Tudun Wada, ko can Doguwa bayan an ƙetare dajin Falgore, ya shiga kwamfutar shagonsa da ke Kwanar Dangora, ya lalubo takarda har ya tura ta firinta, alhali waya ce kawai a hannunsa?

A ce mai shagon buga takardu ne a Kwanar, inda titin Kano zuwa Zariya ya yi reshe ya nufi Saminaka da Jos. Ya tafi ɗaurin aure ya bar yaron shago. Sai ga ɗalibi yana neman takardar da aka buga masa makon jiya, yaro ya duba sama da ƙasa bai gan ta ba. Maimakon maigida ya yi ta kwatance a waya, sai ya buɗe manhaja irin su TeamViewer, AnyDesk ko Chrome Remote Desktop, fuskar kwamfutar ta bayyana a tafin hannunsa. Yaro na zaune zai ga kibiya tana yawo ita kaɗai, kamar aikin mutanen ɓoye.

Ba sihiri a ciki. Kwamfutar ce ke aikin duka, wayar taga ce kawai. Hoton fuskar kwamfuta yana tafiya waya ta intanet, umarnin yatsa yana komawa. Don a rage cin data, ba a sake aiko hoton gaba ɗaya kowane lokaci, sai gurbin da ya canza. A kan wannan dabara aka gina tsarin VNC a wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila, aka sake shi ga jama'a a 1998. A shekarar ce kuma Microsoft ya fito da nasa tsarin, RDP. TeamViewer ya zo a 2005, AnyDesk a 2014, dukansu daga Jamus.

Sai dai waɗanda suka fara wannan aiki kwamfuta da kwamfuta suke haɗawa, kowace da linzaminta, wanda masu shago ke kira maus. Shi linzamin, wanda Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a Amurka ranar 9 ga Disamba 1968, kusan duk abin da ake zanawa a fuskar kwamfuta dominsa ake zanawa. Bakin kibiyarsa tsini ne kamar allura. Da iPhone ta fito a 2007, wayoyin shafa suka cika duniya, sai aka ce wa yatsa ya yi aikin allura.

A nan gizo ke saƙar. Google yana shawartar masu ƙera manhajar waya kada madanni ya gaza kusan milimita 9, don yatsa ya same shi. To ka ɗauki faffaɗar fuskar kwamfuta ka matse ta cikin waya: ɗan madannin da ake rufe shafi da shi ba zai kai ƙwayar shinkafar Tudun Wada ba. Ka nufi ajiye aiki, ka danna gogewa. Kamar a ba ka taɓarya a ce ka tsince tsakuwa a faifai. Ga shi kuma yatsan da kansa yana rufe abin da kake son gani.

Akwai wata matsalar da ba kowa ke lura da ita ba. Linzami na iya tsayawa kan abu ba tare da ya danna ba, sai bayani ya ɓullo ko jerin zaɓi ya sauko. Yatsa ba shi da wannan matsayi na tsakiya. Gilashin waya ɗan cajin jikin mutum yake ji, don haka ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba, shi ke nan. Linzami kuma yana da dannin dama da ɗan gare-garen tsakiya, yatsa ba shi da ko ɗaya.

Masu manhajojin sun bi hanya biyu. Ta farko, inda ka taɓa nan aka danna. Tana da sauƙin koyo, amma sai ka yi ta buɗa yatsu biyu kana zuƙo hoto kafin ka sami abin da kake nema. Ta biyu, gilashin wayar ya zama fili kawai: ka shafa ko'ina, kibiya ta motsa daga inda take, in ta isa ka ƙwanƙwasa sau ɗaya. Yatsanka yana gefe, idonka yana kan kibiya. A wasunsu taɓi da yatsu biyu shi ne dannin dama, ja da yatsu biyu kuma ya gangara da shafi. A ganina ta biyun ta fi, ko da yake ranar farko za ka ji kamar kana tuƙa amalanke da baya. Abin dariyar shi ne, wayar da aka yi don a rabu da linzami, sai da ta koma kwaikwayon linzamin kafin aiki ya yiwu.

Allon rubutun waya ma bai da Ctrl da Alt, shi ya sa ake ƙara musu wani ɗan layi a sama. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin namu ciwon kai. Wata manhajar harafin da ka taɓa take aikawa, wata kuma matsayin madanni kawai take faɗa wa kwamfuta, ita ta fassara da nata tsarin. In aka bi ta biyun, ƙ da ɗ da ɓ na iya ɓata a hanya ko su fito wani abu daban. Ka ga ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, ballantana a takardar sayen fili.

Lambar da manhajar ke nunawa don a shiga na'ura daga nesa kuwa mukullin ɗaki ce. A 2019 babban bankin Indiya ya gargaɗi bankuna kan 'yan damfara da ke lallaɓar mutane su sauke AnyDesk su karanto musu lambar, su kuma su yashe asusu. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, zai gyara maka waya daga nesa, kashe kiran.

Sauran magana ta sabis ce da wuta. In sabis ya yi rauni, ka ja yatsa kibiya ta biyo baya a makare, ka sake ja, ta zo ta wuce wurin. In kuma aka ɗauke wuta a Kwanar, kwamfutar tebur ta mutu, hoton da ke wayar maigida ya daskare, komai tsadar wayar. Daga nan sai a koma tsohuwar hanya, ya fita daga rumfar biki ya kira shago:

"Kai, akwai mai a janareta? Tada shi, ka kunna ta, kada ka taɓa komai."