Cajin banki a lokacin ƙunci: wa ke iya karɓo kuɗinsa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Cikin watan Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ma da Funtuwa da Malumfashi, garuruwan da mutanen yankin ke zuwa idan suna da buƙata a banki. Sai a Disamba aka fara maido da layin. Dillalin shanu ya zauna babu kasuwa, mai POS ya rufe rumfa, mai bashin banki kuwa ba shi da hanyar tura ko sisi. Amma kwamfutar banki ba ta san da wata doka ba. Kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa, tarar jinkiri ta ci gaba da taruwa, kuma da layi ya dawo, abin da ya fara shigo wa wasu shi ne alat na bashin da ya ƙaru.

Su wa ke cikin wannan hali? Ba manoman ƙauye ba ne a sahun gaba, domin yawancinsu ba su da asusu ma. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su da alaƙa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu albashi: malaman firamare, ma'aikatan ƙaramar hukuma, ma'aikatan asibiti. Banki na ba su dama su ciri fiye da abin da ke asusunsu, abin da suke kira obadiraf, ko ya ba su bashin da za a zare daga albashi. Sai 'yan kasuwar hatsi da ke karɓar irin wannan rance da kaka su sayi masara su ajiye, da manoman da suka shiga shirin bashin noma na Anchor Borrowers wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Mai albashi a waɗannan garuruwa ba kansa kaɗai yake riƙe da shi ba. In an sace ɗan'uwa, shi ake fara kira a haɗa kuɗin fansa. In 'yan bindiga sun sa wa ƙauye haraji kafin a yi shuka ko girbi, da kuɗinsa a ciki. In dangi sun gudo daga ƙauye, shi zai kama musu ɗaki a Funtuwa. Tun harin ƙauyen Kadisau na Yunin 2020 da sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban wannan shekara duniya ta san sunan yankin, amma bashin da iyalai ke ci a asirce don su tsira ba ya fitowa a labarai.

A kan wannan sai tsadar rayuwa ta hau. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, Babban Bankin Najeriya kuma ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024. Da wannan ma'auni bankuna ke auna ruwan da suke ɗora wa bashi. Wato lokacin da albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata, lokacin ne rancen da zai cike giɓin ya fi tsada.

A nan akwai abu biyu da mutane ke haɗawa, kuma haɗa su ke sa a yi asara. Na farko shi ne kuɗin da banki ya zara ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu shi ne kuɗin da ya zara bisa ƙa'ida, amma daga hannun wanda masifa ta auka masa. Na farko haƙƙi ne da doka ta tsaya masa. Na biyu, a Najeriya, roƙo ne kawai.

Kundin caji na Babban Banki da ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2020 ya fayyace iyakar abin da banki zai iya karɓa. A kundin na 2020, kuɗin kula da asusun karant bai wuce naira 1 a kowace 1,000 da ta fita ba. Tura kuɗi naira 10 ne, ko 25, ko 50, gwargwadon yawan abin da aka tura. Kula da katin ATM na asusun ajiya naira 50 ne duk wata uku. Tarar jinkirin biyan bashi ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ba a biya ba, kuma akwai kwana 7 na sassauci kafin a fara ɗora ta. Akwai ma wata ƙa'ida da ya kamata kowane mai bashi ya sani. Tun 1 ga Agustan 2020 bankuna ke da damar bin lambar BVN su kwashi kuɗin wanda ya kasa biya daga asusunsa na wani banki, tsarin da ake kira GSI. To, dokar tsarin ta ce uwar bashi da ruwanta kaɗai za a ɗiba ta wannan hanya, ban da tara. Duk wanda aka kwashe masa tara ta nan yana da hujjar neman a maido masa.

Hanyar neman ma a shimfiɗe take. Mutum zai rubuta wa bankinsa, ya karɓi lambar bin sawun ƙorafi. In ƙorafin na cajin da ya wuce ƙima ne ko na bashi, banki na da kwana 30. Sauran ƙorafe-ƙorafe mako biyu ne. In bai warware ba, sai a kai ga Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012, kuma ana iya miƙa takardar a reshen Babban Bankin da ke birnin Katsina. An ba mutum shekara 6 daga ranar da abin ya faru. In an tabbatar an yi masa cajin da ya wuce ƙima, kuɗinsa za a maido har da ruwa.

To me ya sa da wuya ka ji malamin makaranta a Sabuwa ya bi wannan hanya? Lissafi ne. A ce naira 8,000 yake zargin an zare masa ba daidai ba. Kafin ya tabbatar sai ya sami takardar bayanin asusu, ya zauna ya bi ta layi-layi da Turancin banki mai cike da gajerun kalmomi. Sai ya biya kuɗin mota zuwa Funtuwa ya dawo, a hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba, ya rasa yinin aiki, kuma da wuya zuwa ɗaya ya isa. Kafin a kai ƙarshe kuɗin mota ya cinye abin da yake nema. Manyan kamfanoni a Legas da Kano suna ɗaukar akantoci na musamman su tono musu cajin shekaru, su karɓo miliyoyi. Doka ɗaya ce, amma mai ƙaramin haƙƙi ba ya iya ɗaukar nauyin neman haƙƙinsa. Ga kuma kunya. A wurinmu bashi mai ruwa abu ne da ake ɓoyewa, domin addini ya haramta riba, mutum kuma ba ya son liman ko surukinsa su ji ya ci. Wanda yake ɓoye bashi ba zai tsaya a gaban jama'a yana jayayya kan tararsa ba. Sai ya ce ya bar wa Allah, banki kuwa ya rubuta kuɗin a ribarsa.

Ya kamata a kuma sani, ba duk abin da ake zara ba ne na banki. Naira 50 da ke fita duk lokacin da aka tura naira 10,000 ko fiye harajin gwamnatin tarayya ne, kuma daga Disamban 2024 ya hau kan masu OPay da Moniepoint da makamantansu. Naira 100 a kan kowace 20,000 da aka cira a ATM na wani banki, Babban Banki da kansa ya amince da ita daga 1 ga Maris 2025. Waɗannan ba a maido su, komai ƙorafi. Kuma sun fi cizon wanda garinsu ba shi da reshen bankinsa, domin shi kullum a na'urar wani yake cira ko a hannun mai POS.

Batu na biyu ne ya fi damuna, wato mutumin da cajinsa daidai ne amma halinsa ya rushe. A Birtaniya an yi doguwar shari'a kan tarar obadiraf, kuma a Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli ta ba bankuna gaskiya. Duk da haka ƙofa ɗaya ba ta rufu ba: dokokinsu sun wajabta wa banki ya tausaya wa wanda ke cikin ƙuncin kuɗi, kuma akwai ofishin sasanci na kyauta da zai iya umartar banki ya maido tara idan ya ga tarar ce ke ƙara nutsar da mutum. A Afrilun 2020 hukumar kula da harkokin kuɗinsu ta soke cajin obadiraf na kullum-kullum gaba ɗaya. Mu a nan, wanda aka kora daga gonarsa a Faskari sai dai ya roƙi manajan reshe, manajan kuma sau da yawa ba shi da ikon yafe ko kwabo sai ya tambayi hedikwata.

Kuma ba wai Najeriya ba ta san yadda ake sassauci ba. A Maris 2020, da korona ta shigo, cikin 'yan kwanaki Babban Banki ya jinkirta biyan basussukan tallafinsa da shekara guda, ya rage ruwansu daga kashi 9 zuwa 5, ya kuma ba bankuna izinin sake tsara basussukan mutanen da annobar ta taɓa. A lokacin korona hukuma ce ta rufe kasuwanni. A 2021 ma hukuma ce ta rufe kasuwa da hanya da layin waya a kudancin Katsina, don dalili mai kyau na tsaro, amma dokar ba ta zo da wani tanadi ga masu bashi ba. Ban ga hujjar da za ta sa kullen korona ya zama uzuri, kullen tsaro kuma ya kasa zama ba.

Bankuna suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Kuɗin da suke rantawa na masu ajiya ne. Riƙe reshe a inda ake kai hari yana da tsada, kai kuɗi can ya fi tsada. Sun kuma ga yadda aka yi da Anchor Borrowers, inda mutane da yawa suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na gwamnati, har da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, suka ƙi biya. In aka ce duk wanda ya ce 'yan bindiga sun taɓa shi a yafe masa, gobe kowa zai zama ɗan gudun hijira a takarda, bankuna kuma su daina ba 'yan yankin bashi kwata-kwata. Wannan haɗari ne na gaske. Amma maganinsa tantancewa ce. Ba uwar bashi ake cewa a yafe ba. Tara da ruwan da suka taru a lokacin da mutum ba shi da ikon biya ake magana. Ranakun da aka katse waya sanannu ne. Ƙauyukan da aka tayar, hakimai da dagatai da hukumar agajin gaggawa ta jiha sun san su. Wanda aka yi garkuwa da shi wata biyu, 'yan sanda da mai unguwarsu za su iya shaida.

Rashin wannan sassauci yana da sakamakon da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Wanda albashinsa ya shigo aka share shi tas a daren farko, wata mai zuwa zai yi ƙoƙarin kwashe kuɗinsa kafin banki ya taɓa. Ɗan kasuwar da ya ji labarin GSI zai daina ajiya a duk asusun da ke da BVN ɗinsa, ya koma riƙe tsabar kuɗi a gida ko ya ajiye da sunan matarsa. A yankin da ake fasa gida don kuɗi, tura mutane ga ajiyar gida jefa su ne cikin haɗari. Wasu kuma manhajojin bashi na waya suke faɗawa, masu ruwa mai nauyi da ke aika wa abokan mutum saƙon tozarci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum ke sayen nairarsa da naira a hannun mai POS, ta riga ta rage yarda da banki. Kowace tara da aka ɗora wa wanda bai da laifi tana ƙara nisanta mutane da tsarin da Babban Banki ke cewa yana son kowa ya shiga. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, sun rage wa wasu damuwar riba, amma rassansu ma a manyan garuruwa suke.

Abin da ya fi kusa da hannu bai buƙatar sabuwar doka. Tunda ƙorafin mutum ɗaya bai kai kuɗin mota ba, a haɗa shi. Ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE suna da rassa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma mambobinsu a bankuna kaɗan albashinsu ke shiga. Za su iya karɓar takardun asusun mambobi, su ɗauki akanta ɗaya ya duba, kowa ya sa hannu a takardarsa, a kai su tare. Banki da zai yi watsi da malami ɗaya ba zai yi watsi da takardu ɗari uku daga ƙungiyar da za ta iya neman a sauya inda ake biyan albashi ba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa kuma, da take zuba albashin jiha da na ƙananan hukumomi ta hannun waɗannan bankuna, tana da bakin da za ta nemi a rubuta sharaɗin dakatar da tara ga ma'aikacin da aka sace ko aka raba da gidansa. Sai dai lokaci na tafiya: cajin da aka yi a watannin katse waya, daga Satumba zuwa Disamban 2021, wa'adin shekara 6 na kai ƙorafinsa zai cika ne a ƙarshen 2027.